Yadda na riƙe gida da shagon ɗinki a zamanin korona

Ni tela ne a Kano, kuma duk telan da ka tambaya zai gaya maka cewa a watan azumi muke samun abin da za mu ci rabin shekara. To a 2020, ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi aka rufe gari. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano ranar 11 ga Afrilu, gwamnati ta sa dokar kulle daga 16 ga wata, aka ce ta mako guda ce. Kafin mu farga Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu ranar 27 ga Afrilu, daga nan aka yi ta ƙari. Shaddodin mutane jibge a shago, na karɓi kafin alƙalami, ga yaran shago uku da ke ci a hannuna. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na koya a tsawon wannan lokaci, domin mai sana'ar hannu da wata annoba za ta sake ritsawa da shi, Allah Ya kiyaye.

Kuskurena na farko shi ne na yarda da maganar mako guda. Na yi cefanen mako guda, na ci gaba da kashe kuɗi kamar yadda na saba. Idan aka ce maka kulle na kwana bakwai ne, kai ka yi lissafin wata uku. Cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira annobar duniya a watan Maris na 2020, ba ta janye dokar ta-ɓaci a kanta ba sai Mayun 2023.

Saboda haka ka fara da kuɗi. Ka zauna da uwargida a daren farko, ku zube abin da ke hannu, ku raba shi uku: na abinci, na magani, da na jari. Na jari kada ka taɓa shi ko da yara sun yi kwana biyu ba su ga nama ba, domin ranar da aka buɗe gari, wanda ya cinye jarinsa shi ne kullensa bai ƙare ba. Na ga wannan da idona a layinmu. Kafin alƙalamin kwastoma kuwa ba kuɗinka ba ne sai ka miƙa ɗinki. Na ware shi a wata jaka daban, kuma da wasu suka bugo waya suna cewa a mayar musu da kuɗinsu don sun fi bukatar abinci da sabon kaya, na tura musu ba tare da jayayya ba. Yawancinsu har yau ni ke musu ɗinki.

Wajen sayayya, ka bar abin da ke lalacewa, ka kama tsaba: gero, masara, wake, shinkafa in da hali, sai busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa, barkono, manja da gawayi. Da aka fara sassauta doka a ranakun Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i, kasuwa ta zama wurin da ya fi ko'ina haɗari, kowa ya fito lokaci guda ana gogar kafaɗa. Mu gida huɗu muka haɗa kai, mutum ɗaya ya je ya sayo wa kowa, kowane gida ya rubuta abin da yake so a takarda. Kuɗin adaidaita sahu ya ragu, an sami sauƙin saye da yawa, kuma mutum ɗaya ne ya shiga cunkoso maimakon huɗu. In ya dawo, kafin ya taɓa yaro sai ya wanke hannu da sabulu, ya sauya riga.

Sai maganar sana'a, wadda ita ce ta fi hana ni barci. Rana ta farko da aka ba da damar fita, na ɗauko keke ɗaya da dutsen guga da kayan mutane na kawo gida, na kafa a soro. Kada ka tsaya jiran sana'arka ta dawo yadda take. Ka duba abin da mutane ke nema yau wanda hannunka zai iya. Ni abin da ya fitar da ni shi ne takunkumi. Ƙyallayen da muke sharewa mu zubar a shago, su suka koma jari. Ga yadda nake yi: a sami yadin auduga mai saƙa a matse, a ɗaga shi a rana, in haske na ratsa shi sosai bai yi ba. A yanka shi ninki uku, a yi masa tattara biyu ko uku a tsakiya don ya buɗe ya rufe daga karan hanci zuwa ƙarƙashin haɓa. Roba ta yi wuya a lokacin, sai na koma yin igiya da yadin ana ɗaurewa a ƙeya, kuma dattawa sun fi son wannan don ba ya cin kunne. In na gama sai a wanke, a goge da dutse mai zafi, a sa a leda. Duk wanda ya saya ina gaya masa ya sayi biyu, yana sa ɗaya ana wanke ɗaya, kuma takunkumin da aka saukar ƙarƙashin hanci ba ya tsare komai.

Yaran shagona ban sallame su ba. Na raba musu yankakken yadi, mai keke a gidansu ya ɗinka, marar keke ya yi guga da kai kaya unguwa, ana biyan kowa bisa abin da ya yi. Kuɗin ba shi da yawa, amma ba wanda ya kwana da yunwa, kuma ba wanda ya watse ya bar sana'ar. Awo kuma sai na daina yi da hannu: kwastoma ya aiko da tsohon kaftaninsa wanda ya yi masa daidai, ya turo hoton aikin da yake so ta WhatsApp, kuɗi ta tiransifa. Har yanzu da yawa sun fi son haka.

Abin da ya fi min nauyi shi ne mahaifina, mai ciwon suga da hawan jini. A watan Afrilun nan ne aka yi ta rasa dattawa a Kano, kullum sai ka ji sanarwar jana'iza, masu haƙar kabari suna cewa ba su taɓa ganin irin haka ba. Tsofaffi da masu irin ciwonsa su cutar ta fi kayarwa. In kana da irinsa a gida, ka sayi maganinsa na wata biyu tun da wuri, kafin ka sayi komai naka. Ka ba shi ɗaki mai taga, a bar ta a buɗe. Masu zuwa gaisuwa su tsaya daga bakin ƙofa. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, mutumin da bai taɓa rasa jam'i ba. Ban yi masa gardama da maganar likita ba, na tuna masa hadisin da shi ya koya mana, cewa idan annoba ta sauka a gari kada a shiga, wanda ke ciki kuma kada ya fita. Ya yi shiru, ya ce, "Haka ne." Daga ranar muka riƙa yin jam'i a tsakar gida, shi ke ja mana, har tarawihi. Da rigakafi ya iso Najeriya a watan Maris na 2021, ana ta jita-jita a kansa, ni na fara zuwa aka yi min, ya ga kwana biyu na yi da ciwon hannu na warke, sannan na kai shi.

In wani a gida ya kama zazzaɓi da busasshen tari, ko ya daina jin ƙamshin abinci, a ware masa ɗaki da kofi da buta, mutum ɗaya ya riƙa kula da shi da takunkumi. Idan numfashi ya fara yi masa wuya, a nufi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Kuma kada a ɓoye don kunya.

Yara kuwa, makaranta ta rufe tun Maris, ba su koma ba sai wajen ƙarshen shekara. Yaron da ba shi da abin yi shi ke tsallake katanga. Muka tsara musu rana: bayan asuba allo, da hantsi darasin da ake sawa a rediyo, da yamma babbar ta zauna kusa da ni tana koyon sa zare da yanke igiya. Labarin cutar kuma sau ɗaya nake saurara a rana, da safe, na daina buɗe duk wani saƙon murya da ake turowa a waya, domin na lura su ke sa uwargida kwana ido biyu.

Zumunci kada ka bari ya yanke don ƙafa ta daina zuwa. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan sa kati in kira mutum biyar, musamman waɗanda na san ba za su iya buɗe baki su roƙa ba. Ta haka na gano wata gwaggona da ke zaune ita kaɗai ta kwana biyu tana shan ruwa da gari. Da yake Litinin, ranar fita, ba ta zo ba tukuna, washegari sai na ba wani maƙwabcinta kuɗi ta waya, ya auna mata gero kwano biyu da sukari, ya miƙa mata ta kan katanga kafin a sha ruwa.