Babi na 7: Inji Mai Ɗingishi Bayan An Sa Sabuwar Sandar Kam

Wani direba a nan Damagaram ya so motarsa ta ƙara ƙarfi. Aka kawo masa sandar kam irin ta gudu, aka ɗaura masa a wani garaji. Da safe mota lafiya lau. Ya kama hanyar Mirya, inji ya yi zafi, sai ta fara fizga, ta yi tari, ta sake. Ya komo garaji, kafin a gama gaisawa inji ya huce, ɗingishi ya ɓace. Cikin mako biyu ya sayi buji huɗu, ya sayi bobin, wato abin da ke aika wa buji wuta, ya canza famfon mai. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan.

Wannan shi ne abin da makanikai ke kira rate: silinda ɗaya ta tsallake wuta, man da ya shiga bai ƙone ba. Wanda ke zuwa yana tafiya ya fi ba da wahala, don ba ya tsayawa a gan shi. Amma yana da lokacinsa, kuma lokacin nan za mu koyi kamawa.

Mu fara da sanin ita sandar. A takardun Faransanci za ka ga an rubuta arbre à cames. Ƙarfe ne dogo mai tozaye. Kowane tozo yana danna supap, wato ƴar ƙofar silinda, ta buɗe, rasor kuma, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle, ya maido ta ta rufe. Supap iri biyu ce: ta shigar iska da mai, da ta fitar hayaƙi. Inji yana juyi biyu, sandar kam ta yi ɗaya. Ke nan in inji yana juyi 800 a minti, kowace supap tana buɗewa sau 400. In ya kai 6000, sau 3000 ke nan, wato sau 50 a daƙiƙa guda. Ɗauki alƙalami ka yi lissafin da kanka.

Sandar gudu tozayenta sun fi tsawo da faɗi. Supap tana buɗewa da yawa, tana daɗewa a buɗe, har akwai ɗan lokacin da ta shiga da ta fita duk suna buɗe tare. Shi ya sa inji mai irin wannan sanda yakan yi rawa a ralanti, wato sanda yake aiki ba a taka mai ba, sautinsa kamar sukuwar doki. Wannan halinta ne. In ka taka mai kaɗan rawar ta lafa, kada ka taɓa komai. Ciwo shi ne wanda ba ya bin kiɗa: fizga a kan hanya, harbi a bututun hayaƙi, warin ɗanyen mai.

Kafin ka ɗauki kile, ɗauki littafi. Ja layi huɗu a shafi, ka rubuta a kansu: rana, sanyi ko zafi, ralanti ko gudu, inda aka sha mai. Ba direba littafin ya riƙe kwana uku, duk sanda mota ta fizga ya sa alama. Wanda bai iya rubutu sosai ba, ya ja kara ɗaya a layin da ya dace, ya wadatar. Layin ƙarshe yana da amfani a garinmu. Man kwalba na bakin hanya wani lokaci yakan zo da ruwa ko datti, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska. Kada a ɗora wa sandar kam laifin da ba nata ba.

Daga nan sai ka bi sawun hannunka. Duk abin da aka kwance ranar aiki, shi ne farkon abin zargi. Wayoyin buji sun zauna har sun yi ƙas? A inji mai silinda huɗu, jerin wuta mafi yawa 1-3-4-2 ne. Akwai ɗan tiyon iska da aka manta ba a mayar ba, ko wanda ya tsage? Juwan ɗin bututun shigar iska, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗarsa, sabo aka sa, ko tsohon aka maida? Iskar sata tana sa mai ya yi ƙaranci, inji ya yi rate a ralanti. Fesa ruwa kaɗan a bakin juwan inji na aiki. In sautin ya canza, ga ɓarakar nan. Kada ka fesa esansi. Na ga yara suna yi, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya ƙone fuska.

Da dare ka buɗe murfin inji a cikin duhu. Wayar da ta tsage za ka ga shuɗiyar wuta tana tsalle daga jikinta.

Motocin esansi da aka yi wa kasuwar Turai daga 2001 suna da wata kafa mai ramuka 16 kusa da sitiyari, inda ake jona na'urar karanta kwamfutar mota. Lambobin ba su da wuyar karatu. P0301 na nufin silinda ta 1 ce ke rate, P0303 ta 3. P0300 na nufin ciwon yana yawo. P0340 tana nuna layin na'urar da ke jin juyin sandar kam, sau da yawa fulogin ne bai zauna ba. In lamba ta nuna silinda ta 3, musanya bobin ɗinta da na ta 1, ka goge lambar, a sake tafiya. Ciwo ya koma 1? Bobin ne. Ya tsaya a 3? To bobin ba shi da laifi, kada ka saya. Haka za ka yi da buji. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ka rubuta abin da ka musanya.

Yanzu ga inda nake so mu zauna sosai, wato tazarar supap.

A injuna da yawa ana barin ɗan fili tsakanin supap da abin da ke danna ta. Dalili kuwa ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi, musamman supap ɗin hayaƙi da wuta ke lasa kullum. In filin ya yi kaɗan, da sanyi supap tana rufewa daidai. Da zafi ya kama, sai ta yi tsawo, filin ya ƙare, ta kasa zama a mazauninta. Matsi ya zurare, wuta ta ƙi kamawa. In inji ya huce komai ya koma daidai. In aka bar ta haka, bakin supap ƙonewa yake, sai an sauke kilas, wato kan inji.

Ana auna filin da ƴan siraran wuƙaƙen ƙarfe, kowace da lambarta. Takardar littafinka kaurinta kamar 0,10 na milimita ne, don haka 0,30 kamar takarda uku ke nan. Amma 0,03 ko rabin takarda ɗaya bai kai ba. Dubi lambobin biyu da kyau: 0,30 da 0,03. Sifiri ne kawai ya canza wuri, bambancin kuwa ninki goma. A takardun Faransa waƙafi ake sawa, a na Najeriya ɗigo, 0.30, ma'anar ɗaya ce.

Motar direban nan, a nan ciwonta yake. Maigidan garaji ya karanta littafin, ya ga duk alamun suna layin zafi. Ya bar mota ta kwana, da safe ya buɗe murfin supap, ya kira aparantinsa.

"Yaro, da wace wuƙa ka auna na hayaƙi?"

"Da wannan, Maigida. Mai uku ce, kamar yadda ka ce."

Ya karɓa ya duba, 0,03 ce, ba 0,30 ba. Bai yi masa faɗa ba. Ya ɗora wuƙaƙen biyu a tafin hannunsa ya ce, "Taɓa ka ji, ɗana. Gobe kuma ka fara zuwa aji." Yaron yana da hannu, ƙarfe na jin maganarsa. Abin da ba a taɓa nuna masa ba shi ne abin da ke bayan waƙafi.

Lambar da za ka bi ita ce ta takardar da ta zo da sabuwar sanda, ba wadda ka haddace ta tsohuwa ba. Duba ko an ce a auna da sanyi ko da zafi. Injin da masu danna supap ɗinsa ke aiki da matsin mai ba a daidaita shi da wuƙa. Kada ka tilasta.

In littafi ya nuna rate sai an taka mai sosai, tuna da sau 50 ɗin nan a daƙiƙa. Tsohon rasor ba ya iya maido supap da wannan sauri a kan dogon tozo, sai ta yi lilo ba ta rufe ba. Maganinsa rasor da ya dace da sandar. Wannan ba abin jinkiri ba ne, supap tana iya karo da fistan.

Kuruwa ko sarƙar da ke juya sandar kam, in ta tsallake haƙori ɗaya, takan sa inji ya yi sanyin jiki kullum, ba jefi-jefi ba, amma duk da haka ka duba alamomin saitinta. Sai kuma tozo mai cinyewa: in ka daidaita tazara yau, bayan mako ta buɗe, ana jin ƙas-ƙas, sauke man inji a farin kwano ka kai rana. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe na nufin a kashe inji nan take. Yakan faru in an haɗa sabuwar sanda da tsofaffin masu danna supap.

Aikin wannan mako: ka zo aji da wuƙaƙen awo, naka ko na aro. Ka jera su daga siririya zuwa mai kauri, ka kwafe lambar kowace a littafinka, sannan ka karanta wa na kusa da kai 0,05 da 0,15 da 0,50 da baki, shi kuma ya zaro maka su ba tare da ka nuna ba.