Shirya gashin saluki don gasa ba tare da rini ba

Idan kana kula da karnukan farauta a Riyad ko Jidda, aka ce ka gyara saluki, wato siririn karen farautar Larabawa, don gasar kyau, kada ka taɓa rini. Alƙali asalin launin da kare zai gadar wa 'ya'yansa yake dubawa, don haka canza shi ha'inci ne ga masu saye da masu kiwo. Dokar FCI, ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu kiwon karnuka, ta hana shafa duk abin da zai sauya launin gashi, fata ko hanci. A nan Saudiyya ma, a 2018 an kori raƙuma 12 daga gasar kyan raƙuma ta Sarki Abdul'aziz saboda an yi musu Botox, allurar gyaran kamannin fuska.

Ga kuma cutarwa. Rinin gashin mutane yana ƙona fatar kare, baƙin lalle kuwa yakan ƙunshi sinadarin PPD mai lalata ƙoda, kare kuma sai ya lashi jikinsa. Ko jan lallen da wasu ke sa wa ƙafafun saluki, a daina shi tun da wuri, don ba ya wankuwa da sabulu, sai gashin ya sake.

Kwana 2 kafin gasa, yi masa wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun karnuka. Ɗauraye har sai ruwan ya fito garau, domin ragowar kumfa ke dusashe ƙyalli da jawo ƙaiƙayi. Taje dogon gashin kunnuwa da wutsiya daga baki zuwa tushe, kada ya tsinke. Baƙin kare kuwa a ajiye shi a inuwa, rana ke mayar da gashinsa jaja-jaja.

In kana zargin rini, buɗa gashin ka dubi ko launin tushensa ya bambanta, sannan ka goga farin ƙyalle mai danshi ka ga ko launi zai fita.