Yadda na gyara matsalar hotunan aro a shafin ɗalibaina

Ɗalibaina sun haɗa shafin intanet a kan marinar Ƙofar Mata ta Kano, amma duk hotunan daga Google suka kwaso, ba sunan mai ɗauka ko ɗaya. Abin ya dame ni, domin gumin wani ne.

Na bi kowane hoto da Google Lens, manhajar da ke nemo wuraren da hoto ya fito a intanet, har na gano asalinsa. Wanda ba mu da izininsa muka cire, muka maye gurbinsa da na Wikimedia Commons (rumbun hotuna na kyauta a intanet) mai lasisin CC BY-SA, wato izinin da ke ba kowa damar amfani da hoto bisa wasu sharuɗɗa. A ƙarƙashin kowanne muka rubuta sunan mai hoton, da lasisin, da mahaɗin inda aka samo shi, kamar yadda lasisin ya shardanta.

Sauran hotunan kuwa, yaran suka je marinar da waya, suka nemi izinin masu rini kafin su ɗauka.