Yadda Ake Tantance Dutsen Fairuz Kafin A Saya

Fairuz dutse ne shuɗi mai launin sararin samaniya, wani lokaci ya karkata zuwa kore, kuma da yawa daga cikinmu sun fara ganinsa ne a kan zoben azurfa da alhazai ke dawowa da shi tsaraba. Sunan daga Farisanci ya fito, Turawa kuwa suka laƙaba masa sunan Turkiyya saboda ta can fatake suka riƙa kai musu shi. Jabunsa ya cika kasuwa, don haka sai mai saye ya bi a hankali.

Mataki na farko shi ne ka tambayi mai sayarwa daga ina dutsen ya fito. Wanda ya fi daraja tun zamanin da shi ne na Nishafur, a yankin Khurasan na Iran, shuɗi ne tas, sau da yawa ba tare da ɗigo ba. Mutanen Masar na dā a Sina'i suke haƙo nasu, a Wadi Maghara da Sarabit al-Khadim, tun wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma yana cikin duwatsun da aka ƙawata fuskar zinariya ta Fir'auna Tutankhamun da su. A yau ana samun mai yawa daga lardin Hubei na Sin da jihohin Arizona da Nebada na Amurka. Mahaƙar Sleeping Beauty ta Arizona ta daina fitar da fairuz a 2012, saboda haka wanda ya zube maka tulinsa da araha yana kiran wannan suna, ka yi taka-tsantsan da shi.

Daga nan sai ka fita da dutsen hasken rana, kada ka yarda da fitilar shago. Jan ƙarfe ne ke ba fairuz shuɗinsa, baƙin ƙarfe kuma ya ja shi zuwa kore, shi ya sa koren ba alamar jabu ba ne. Ka duba jijiyoyin baƙi ko ruwan ƙasa da ke ratsa shi kamar saƙar gizo-gizo, waɗanda ragowar dutsen da ya haife shi ne. A na gaske ba su da tsari, kuma sau da yawa farce yana jin ɗan tudu ko kwarinsu. Idan carbi ne ko sarƙa, ka leƙa cikin hudar ƙwayar, domin nan ne asirin masu rini ya fi tonuwa: farin dutsen hawlait ko magnesait suke turawa a shuɗi, rinin kuma ba ya shiga ciki sosai, sai ka ga hudar fara fat.

Gwaji na gaba yana buƙatar izinin mai kaya. Ka jiƙa auduga da asiton, ruwan da ake goge fentin farce da shi, ka shafa a bayan dutsen inda ba a gani. Idan audugar ta yi shuɗi, rinanne ne. Wasu suna ɗana allura mai zafi don su ji ko ƙaurin roba zai tashi, amma a ganina wannan ɓarna ce, tunda tabon ba ya goguwa.

Akwai kuma fairuz na gaske amma mai taushi kamar alli, wanda ake ɗura wa sinadarin roba ya yi ƙarfi. Wannan ba ha'inci ba ne matuƙar an faɗa maka, sai dai kuɗinsa bai kai na wanda ba a taɓa ba. Wanda aka niƙa garinsa aka curo da gam kuwa shi ne mafi ƙarancin daraja. Idan kuɗin da za ka biya mai nauyi ne, ka nemi takardar gwaji daga masana duwatsu.

Bayan ka saya, ka tuna cewa taurinsa tsakanin 5 da 6 ne kawai a ma'aunin Mohs mai auna taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, kuma yana tsotsar maiƙo. Turare da man shafawa da sabulu da gumi suna juya shuɗinsa zuwa kore a hankali, don haka ka cire zoben kafin wanka ko shafa turare, ka goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi, ka ajiye shi daban da sauran duwatsu.