Koyar da Rubutun Bincike da Wasan Arthur Miller a Aji na 11

A yawancin makarantun sakandaren Amurka, a aji na 11 ake karanta adabin ƙasar, kuma a nan ne ɗalibai da dama ke fara rubuta takardar bincike mai madogara. Wasan kwaikwayon Arthur Miller na 1953, The Crucible, ya dace da aikin, domin an gina shi kan shari'ar maita ta garin Salem na Massachusetts a 1692, inda aka rataye mutum 19.

Ka ware mako shida: biyu a karanta wasan a bayyane cikin aji, huɗu a yi bincike da rubutu.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar wasan a matsayin tarihi. A wasan Abigail Williams, yarinyar da ke zargin mutane da maita, shekararta 17, amma ta gaskiyar ba ta wuce 12 ba, shi kuwa John Proctor na gaskiya, ɗaya daga cikin waɗanda aka rataye, yana wajen 60. Soyayyar da ke tsakaninsu Miller ne ya ƙaga ta. Ka fitar musu da bayanan kotun Salem da Jami'ar Virginia ta sa a intanet, su jera su kusa da wasan, su ja layi duk inda aka saɓa. Daga nan tambaya za ta taso da kanta: me ya sa ya canza? Sai ka kawo zamanin da aka rubuta wasan, na Sanata McCarthy da farautar 'yan kwaminis a Amurka, har da gurfanar Miller gaban kwamitin majalisa a 1956, inda ya ƙi ambata sunan kowa.

Kada ka karɓi "maita a Salem" a matsayin batu. Sai tambayar da mutum biyu za su iya yin gardama a kanta.

Madogara huɗu sun isa takarda mai shafi biyar. Kowane bayani a kati ɗaya: sunan marubuci, lambar shafi, kalmominsa cikin alamar zance, ra'ayin ɗalibi a bayan katin. Sau da yawa satar rubutu a wajen ɗaukar bayani take farawa, ba don mugun nufi ba. Yaro kan kwafi jimla, bayan mako biyu ya ɗauka tasa ce. Katin kuma yana sauƙaƙa tsarin MLA na ambaton madogara, tunda suna da shafi yake nema.

A zubin farko hujja kawai za ka duba. In ka cika shi da jan biro kan nahawu, waƙafi za su gyara, su bar hujjar yadda take.