Yadda Ake Mayar da Gashin Kaji Taki da Taimakon Bakteriya

Duk wanda ya saba shiga wajen 'yan kaji a kasuwannin Katsina ko Daura ya san tarin gashin da masu fige kaji ke zubarwa kullum, wanda ko dai a banka masa wuta ya cika unguwa da ƙauri, ko a bar shi ya toshe magudanar ruwa idan damina ta sauka. Alhali kusan kashi 90 cikin 100 na gashin nan furotin ne, kuma naitirojin da ke cikinsa ya kai kashi 12 zuwa 15 cikin 100, wato sinadarin da manomi ke nema a buhun yuriya. Abin da ke hana shi ruɓewa da wuri shi ne irin furotin ɗinsa, keratin, wanda sinadarin salfa ya ɗaɗɗaure shi tamau. Sai dai akwai ƙwayoyin bakteriya da ke fitar da wani sinadari mai suna keratinas, wanda ke narkar da shi. Fitacciya a cikinsu ita ce Bacillus licheniformis, wadda masu bincike a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka suka bayyana wani nau'inta mai cin gashin kaji a 1990, bayan sun samo shi daga kashin kaji. Ire-iren waɗannan ƙwayoyi suna nan a ƙasa da jikin tsuntsaye, don haka aikin mai yin takin shi ne ya shirya musu danshi da iska da ɗumi.

Da farko a karɓo gashin tun yana ɗanye, a tsince kawuna da hanji da leda, a wanke jinin da ke jikinsa. A sa safar hannu da takunkumi, kuma kada a karɓi gashin kajin da suka mutu da wata cuta, domin murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006, tana bin gashi da kashi; irin wannan sai a sanar da likitan dabbobi. Bayan wanki a daddatsa gashin da adda, sannan a tafasa shi a rabin duro na kimanin rabin awa. Tafasawar na kashe ƙwayoyin cuta, tana kuma tausasa gashin yadda bakteriya za su samu kafar shiga.

Sai batun iri, wato abin da zai kawo ƙwayoyin bakteriyar cikin takin. Hanya mafi sauƙi ita ce a je tsohon jujin da aka daɗe ana zubar da gashin kaji, a kawar da na sama, a ɗebo baƙar ƙasar da ke ƙarƙashi, inda za a tarar gashin ya rududduge ya koma gari-gari. Wannan ƙasa cike take da ƙwayoyin da suka saba da cin keratin. A haɗa ta da kashin kaji wanda ya ɗan kwana biyu. Mai son tsantsar iri yana iya tuntuɓar masana ƙananan halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, amma ga takin gona ƙasar juji ta wadatar.

Wurin da mutane suka fi yin kuskure shi ne tara gashi zalla. Gashi kaɗai naitirojin ya yi masa yawa, sai tarin ya dunƙule, iska ta kasa ratsa shi, ya riƙa fitar da wari irin na fitsari, kuma wannan warin shi ne naitirojin ɗin da ake nema yake tsiyayewa cikin iska. Ma'aunin da masana taki ke bi shi ne kabon (sinadarin da ya fi yawa a busassun kaya irin su kara da buntu) 25 zuwa 30 a kan naitirojin 1, saboda haka dole busassun kaya su ninka gashin sau da yawa. Buntun shinkafa, dusar katako daga wurin kafintoci, da yankakken karan gero ko dawa duk suna aiki. A fara shimfiɗa kara a ƙasa, a zuba gashi sama-sama, a barbaɗa ƙasar iri, a rufe da buntu, a yayyafa ruwa, a yi ta maimaitawa har tarin ya kai wajen mita ɗaya tsawo da faɗi, don ƙaramin tari ba ya riƙe zafi. Waɗannan ƙwayoyi ba sa son tsami, shi ya sa ɗan barbaɗin toka yake taimakawa, amma idan tokar ta yi yawa warin ne zai ƙaru.

Gwajin danshi a hannu ake yinsa: a damƙi haɗin a matse, idan ya dunƙule kuma ɗigo ɗaya ko biyu kawai ya fito, ya yi daidai. A yanayin Katsina bushewa ce babbar matsala, musamman da hunturu da bazara, saboda haka a yi tarin a inuwa, a lulluɓe shi da tsofaffin buhuna, a riƙa duba shi. Cikin 'yan kwanaki tsakiyarsa za ta ɗauki zafi, kuma ana so ya kai digiri 55 ya tsaya a haka aƙalla kwana uku domin sauran ƙwayoyin cuta su mutu. Wanda ba shi da ma'aunin zafi sai ya soka rodi a tsakiya. Idan ya zaro shi ya kasa riƙewa da kyau, aiki na tafiya. A riƙa juyawa da shebur mako-mako, na gefe ya koma tsakiya.

Laushin gashin shi ke fara ɓacewa, tsinken tsakiya kuwa yakan jima, don haka aikin na iya ɗaukar wata biyu zuwa uku. Idan tarin ya huce, ya yi baƙi, ya koma ƙamshin ƙasa, a tankaɗe shi, a mayar da ragowar tsinken cikin sabon tari a matsayin iri. Wannan taki na gona ne kawai, ba a ba dabbobi, domin garin gashin da ake sa wa a abincin kaji da kifi sarrafawarsa daban ce. Tunda a hankali yake sakin naitirojin, masu lambun albasa da tumatir a Ajiwa ko Jibiya su cuɗa shi da ƙasa mako biyu kafin dashe.