Awo da Leza a Wurin Aiki: Kurakuran da Ke Cinye Ribar

Duk wanda ya taɓa gyaran tsohuwar masana'anta ya san wannan ciwon kai: an yanka bututu, an yi masa walda, an ɗauko shi a babbar mota, ana zuwa ɗorawa sai ga ginshiƙi tsaye ƙiƙam a inda zane ya ce fili ne. Irin wannan asarar ce awo da leza ke hanawa. Na'urar tana zaune kan ƙafa uku, tana juyawa tana harba haske, tana auna ɗigo (wato wuraren da hasken ya sauka a kansu) har miliyan guda a daƙiƙa ɗaya, ta fito da siffar wurin kamar yadda yake yau. Amma ana iya kashe kuɗin awon a tashi a tutar babu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kiran mai awo bayan an gama zane, wani lokacin ma bayan an sayo ƙarfe. Ihu bayan hari ke nan. A auna tun kafin injiniya ya ja layin farko, sannan a ɗora sabon zanen a kan awon cikin manhaja irin su Navisworks. Inda bututu zai ci karo da ginshiƙi zai bayyana a kwamfuta, kuma gyaransa a nan aikin wuni ɗaya ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne rashin ɗaure awon da tabbatattun alamomin safiyo. Na'urar ba ta auna wuri gaba ɗaya a zama guda. Sai an yi ta matsar da ita, daga baya a ɗinke awon da juna. Kowane ɗinki yana ɗauke da ɗan kuskure na milimita biyu ko uku, kuma a doguwar hanya ko dogon zaure waɗannan ƙananan suna taruwa su zama babba, hoton kuwa yana nan tsaf ba abin da ido zai gani. A Najeriya akwai ƙarin tarko: tsofaffin taswirori da yawa a kan ma'aunin Minna (tsohon tsarin safiyo na ƙayyade matsayin wuri a Najeriya) aka yi su, GPS kuma da ma'aunin duniya na WGS84 take aiki, kuma tazarar da ke tsakaninsu gomman mitoci ce. Safiyo ya fara kafa alamominsa, a rubuta ma'aunin da aka zaɓa cikin takardar kwangila, sannan a nemi rahoton ɗinkin a karanta shi. Na fi so a sake gwada wurare biyar ko shida da wata na'ura dabam kafin a biya.

Leza haske ce, abin da ke gabanta kawai take gani. Bayan tanki, cikin silin, ƙarƙashin ƙasa, duk ba ruwanta. Bututun da aka naɗe da abin tare zafi, naɗin za ta auna. Gilashi, ruwa, ƙarfe mai sheƙi da baƙin fenti suna rikita ta, haka ma ƙura mai kauri ta hunturu. Maganin dai a zagaya wurin da ƙafa tukuna, a ƙara wuraren tsayawa, a kwashe tarkace.

Zafi ma ana mantawa da shi. Bututun ƙarfe mai tsawon mita 100 yana miƙewa da kusan milimita 24 idan zafi ya ƙaru da digiri 20. A rubuta lokacin awo, da ko injin masana'antar yana aiki ko a kashe yake.

Sai kwaɗayin "a auna komai, a zana komai". Mayar da ɗigo-ɗigon nan zane a manhajar Revit sau da yawa ya fi awon kansa cin lokaci. In famfo ɗaya za a canza, a zana kewayensa kawai.

Kada kuma a bar bayanan a hannun ɗan kwangila. A karɓe su a tsarin fayil na E57, wanda manhajoji da yawa ke buɗewa, a adana a wuri biyu. Lokacin da cocin Notre-Dame na birnin Faris ya kama da wuta ranar 15 ga Afrilu, 2019, Andrew Tallon, masanin tarihin gine-gine da ya auna shi da leza, ya riga ya rasu tun 2018. Awonsa na ɗigo sama da biliyan guda yana nan ajiye, aka ɗauko shi.